Tambayoyinku kan mota: jif ɗin iyali, sabuwa ko ta hannu?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan karon saƙonni da yawa sun zo kan abu ɗaya, wato irin jif ɗin nan matsakaita da ake kira kurosoba, irinsu Toyota Highlander, Honda Pilot, Hyundai Santa Fe, Kia Sorento da 'yan uwansu, shi yasa na haɗa su waje ɗaya. Kafin mu shiga bari in faɗi abu ɗaya da zai sauƙaƙa sauran bayanin. Wannan mota a ido jif ce, amma a gini 'yar uwar ƙaramar mota ce. Jikinta da casis ɗinta abu ɗaya ne a haɗe, ba kamar Land Cruiser ko Prado ba da ake ɗora jiki a kan firam na ƙarfe daban. Highlander ɗin farko da ta fito a shekarar 2000 daga tushen Camry aka gina ta. Kia Sorento da ta fara fitowa a 2002 a kan firam take, sai a 2009 suka canza ta, Ford Explorer ta bi sahu a 2011, Nissan Pathfinder a 2013. Dalilin shi ne yawancin masu saye kwalta suke bi da iyali, abin da suke so laushin tafiya da sauƙin mai, ba hawan dutse ba.

Tambaya ta farko, daga wani magidanci

"Malam barka da aiki. Ni da maiɗakina muna da yara huɗu, babban shekararsa 13, kuma wani lokacin mahaifiyata takan bi mu tafiya. Kuɗin da na tara zai iya sayen sabuwar mota amma mai ƙaramin matsayi, ko kuma Highlander ko Pilot ta hannu mai shekara huɗu zuwa biyar da komai a ciki. Dan Allah wanne ya fi, kaina ya ɗaure."

Toh Malam, Allah ya raya zuri'a ya ƙara wa Hajiya lafiya. Kafin maganar sabuwa ko ta hannu akwai tambayar da ta fi ta girma, ku bakwai ne idan an cika, kenan layin kujeru na uku ba ado bane a wajenka, kullum za a zauna a kai. Kuma nan ne mutane suka fi yin nadama, saboda takarda ta ce mutum 7 ko 8 sai a ɗauka duk kujerun ɗaya ne. Ba ɗaya bane. Wajen miƙe ƙafa a layin baya na Highlander kusan santimita 70 ne, na Pilot ta 2016 zuwa 2022 ya kai wajen 81, Kia Telluride kusan 80, Volkswagen Atlas kuma wajen 85. A takarda bambancin kamar ba komai, amma ranar da na shiga bayan wata irin wannan aka rufe ni a ciki, gwiwata na dannan bayan kujerar gaba, cinyata bata taɓa kujerar da nake zaune ba saboda ƙasan wajen a ɗage yake, minti 20 kawai na ji ƙafa ta fara tsami. Yanzu ka tuna ɗanka mai shekara 13, nan da shekara biyu zai iya kamo ka a tsawo, kuma dattijuwa ba za a ce ta sunkuya ta ratsa zuwa can baya ba, dole a bar mata layi na biyu.

Sai kaya. Idan an tada layi na uku but ɗin yana tsukewa sosai, Highlander ta 2014 zuwa 2019 abin da ya rage kusan lita 390 ne, ta 2020 zuwa sama kusan 450. Akwati biyu da jakar hannu sun cinye shi. Toyota da kansu sun san da wannan ƙorafin, shi yasa suka fito da Grand Highlander mai tsawo a matsayin ƙirar 2024. Don haka shawarata ta farko, ranar da zaka je duba motar ka tafi da iyalin gaba ɗaya da akwatunan da kuke tafiya da su, kowa ya zauna a inda zai dinga zama, a rufe but a gani. Gani ya kori ji. Kuma ka buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, an rubuta nauyin mutane da kaya da motar zata iya ɗauka, ka lissafa naku. Zan faɗa maka gaskiya ko da ba ita ka tambaya ba, ga mutum bakwai kullum, irinsu Toyota Sienna ko Honda Odyssey sun fi kowace kurosoba sakewa, ƙofarsu ta zuge ce yara basa buga ta a jikin motar wani, matsalarsu ɗaya cikinsu ya fi kusa da ƙasa.

Yanzu sabuwa ko ta hannu. Mota tafi zubar da darajarta a shekarun farko, wanda ya fara saye shi ya ɗauki wannan asarar, kai da ka zo a shekara ta huɗu ka samu sauƙi. Abin da sabuwa ke baka wanda ta hannu bata da shi abu biyu ne, garanti da kuma sanin tarihi, babu wanda ya taɓa barinta ta yi zafi ko ya tsallake juyen baƙin mai. Amma a kula da maganar garanti, misali a Amurka Hyundai da Kia suna bada shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, sai dai na mai saye na farko ne, da ta koma hannu na biyu ya sauko shekara 5 ko mil 60,000, kuma kowace ƙasa da nata sharaɗin, motar da aka tsallaka da ita wata ƙasa sau da yawa garantin baya binta. Duk wanda ya ce maka akwai saura garanti ya nuna maka a rubuce.

Ni dai idan ni ne kai, zan ɗauki ta hannu mai shekara uku zuwa biyar wadda take da takardun sabis a jere, kuma bazan ƙarar da kuɗin a kanta ba, zan ajiye wani abu na taya huɗu, batir, birki da canza duk mayukan da ke cikinta a watan farko. A wannan shekarun kayan tsaro ma sun riga sun shigo, Highlander tun daga 2017 duk matsayinta tana zuwa da na'urar da ke taka birki da kanta idan ta hango karo, kyamarar baya kuma ta zama dole a sababbin motocin Amurka tun watan Mayun 2018. Amma idan baka da bakanike da ka yarda da shi, ko kuma gyaran ba-zata zai girgiza maka gida, sabuwa mai ƙaramin matsayi ta fi maka kwanciyar hankali, kujerar fata da rufin gilashi basu taɓa kai kowa gida ba. Sharaɗin dai ɗaya, ku bakwai ɗin ku shiga ku zauna.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa mai yara uku

"Ni ce nake kai yara makaranta in ɗauko su, kullum cikin cunkoso, man da motarmu ke sha ya ishe ni. Inaso mu koma haibrid amma maigidana yace batirinta in ya mutu shikenan an yi asara. Gaskiya ne? Sannan ƙaramin nawa har yanzu a kujerar jarirai yake zama."

Hajiya, irin tuƙin da kika kwatanta shi ne ainihin inda haibrid, wato motar da ke haɗa injin fetur da batirin lantarki, take nuna kanta. A cunkoso mota mai fetur zalla tana ƙona mai tana tsaye, ita kuwa haibrid injin yana kashe kansa, ki ɗan matsa da lantarki, kuma duk birkin da kika taka yana mayar da caji cikin batir. Ki duba alƙaluman hukumar kare muhalli ta Amurka kan Highlander ta 2020, mai silinda 6 tana shan kusan lita 9.8 a kilomita 100, haibrid ɗinta kusan lita 6.5. Kinga kusan kashi ɗaya cikin uku ya ragu, kuma a cikin gari tazarar ta fi haka faɗi. Ba a jona ta a wuta, da kanta take caji.

Maganar maigida kuma ba daga sama ya ɗauko ta ba, batirin yana tsufa kuma canza shi da tsada, amma ba abu ne mai mutuwa dare ɗaya ba. Toyota ta fara Highlander haibrid tun 2005, ba sabon gwaji bane, kuma daga ƙirar 2020 suka ɗaga garantin batirin a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000, wato kusan kilomita 240,000. Babban maƙiyin batirin zafi ne. A wannan motar yana ƙarƙashin kujerun layi na biyu, akwai 'yan ramukan shan iska a wajen da fanka ke jawo iska ta sanyaya shi, toh yara kan zubar da abu, ko a tura jaka ko bargo a toshe wajen, ƙura ta taru a tacensa, batir ya dinga aiki cikin zafi ba wanda ya sani. Ki sa a dinga duba wannan tacen lokacin sabis. In ta hannu zaku saya wadda ta haura shekara takwas, kar ku biya sai an jona kwamfuta an karanta lafiyar batirin sashe-sashe, kuma ku fara tabbatar akwai mai gyaran haibrid da ya iya a kusa da ku, domin wayoyin batirin masu launin ruwan lemo wutar cikinsu tana kisa, ba aikin kowane bakanike bane.

Kujerar ƙaramin kuwa, ki sa hannu tsakanin mazauni da majingina na layi na biyu, zaki ji wasu ƙarafa biyu ƙanana, su ake kira ISOFIX, a Amurka LATCH, nan ake maƙala ta. Ki tafi da kujerar taki ki ɗaura da kanki, sannan ki gwada ko ana iya turo kujerar motar gaba a wuce baya tana ɗaure, a wasu motocin baya yiwuwa. Kuma kar a taɓa sa kujerar jariri mai kallon baya a gaba inda jakar iska take.

Tambaya ta uku

"Dole ne sai na sayi AWD? Dillali yace wadda ba AWD ba ba jif bace."

Ba dole bane ɗan'uwa. AWD na nufin mota mai iya ja da tayoyinta huɗu. A yawancin waɗannan motocin tayoyin gaba ne ke ja kusan koyaushe, sai sun fara zamewa ake tura ƙarfi baya. Yana taimako a santsi, laka ko yashi marar zurfi, amma baya ƙara ƙarfin birki kuma baya ɗaga cikin mota, tsayin cikinsu daga ƙasa wajen santimita 20 ne ko da AWD ko babu. A madadin haka tana ɗan ƙara shan mai, akwai ƙarin mai na difaransha da ake canzawa, kuma tana son tayoyi huɗu iri ɗaya masu ci ɗaya. In hanyarka kwalta ce, bar shi.

Tambaya ta huɗu, daga wani malamin makaranta

"An nuna min wata mai shekara 10, kilomita 60,000 kacal a agogo, fenti na ƙyalli, inji a wanke tas kamar sabo, farashin kuma ƙasa da na sauran. Amma mai ita yace ba za a kai ta gareji ba, in duba a nan in biya saboda akwai wani mai so. Zuciyata ta kwanta da ita amma ina jin tsoro."

Malam wannan tsoron naka ka riƙe shi da kyau, shi ne yake faɗa maka gaskiya. Duk abin da ka lissafa a matsayin kyau ni a wajena tambaya ne. Mota mai shekara 10 da kilomita 60,000 na nufin 6,000 a shekara, yana yiwuwa, amma jif ɗin iyali ba kasafai take zama haka ba, kuma mayar da agogo baya a yau aikin minti kaɗan ne da kwamfuta. Jikin motar baya iya ƙarya irin ta agogo. Duba robar fedar birki ko ta sude, duba sitiyari inda hannu ke kamawa ko ya yi santsi, duba gefen kujerar direba inda ake zamewa a fita ko ya lotsa. Duba taya, a gefenta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, misali 3519 na nufin sati na 35 na shekarar 2019. Inji a wanke tas kuma ni bana murna da shi, nafi son in ga ƙurarsa, domin ƙura ce ke nuna inda mai ke tsatsafowa.

Na taɓa raka wani ɗan'uwa duba irin wannan, kyakkyawa ce wallahi, har da turare mai ƙarfi a ciki. Na zuge kujerar gaba har ƙarshe na haska fitilar waya, sai ga kusoshin da suka riƙe kujerar duk sun yi tsatsa ja, na ɗaga gefen kafet na cusa yatsa, busasshiyar laka ce mai laushi kamar gari ta fito. Na jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa, can ciki akwai layin datti inda ruwa ya tsaya. Motar ambaliya ce. Irin wannan zata yi tafiya lafiya wata biyu uku, daga nan wayoyi su fara ruɓewa daga ciki, yau gilashi, gobe giya, jibi jakar iska, kuma ba a gama gyaranta har abada. Muka juya muka tafi, turaren nan ashe warin danshi aka rufe da shi.

Ga yadda nake so ka yi. Ka je da sassafe ka tarar da injin a sanyaye, ka taɓa bonet ka tabbatar, saboda ƙarar da inji ke yi a tashin farko tana ɓuya in ya ɗumama. Murɗa makulli ba tare da ka tada ba, duk fitilun dashbod su kama, har da na cek inji da na jakar iska, sannan su mutu bayan ka tada, wadda bata kama ba sam wataƙila an cire ta ne ko an rufe. Buɗe murfin baƙin mai ka kalli cikinsa, in ka ga wani kauri fari-fari kamar taɓo, ruwa na haɗuwa da mai. Ka tuƙa ta aƙalla minti 30, cikin gari da babbar hanya, rediyo a kashe, na'urar sanyi a kunne, ka ji ko giya na fizga ko tana jinkiri, ka sa ido kan allurar zafi. Ka kalli tazarar da ke tsakanin ƙofofi da bonet, in gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi an taɓa bugawa. Sai lambar VIN, wato lambar shaidar motar, mai harafi da lamba 17, tana ƙasan gilashin gaba ta wajen direba da kuma jikin ƙofa, su zo ɗaya da na takarda. A motocin da aka yi wa kasuwar Amurka na goma a jerin shi ne shekarar ƙira, F 2015 ce, G 2016, H 2017, J 2018, ta nan ake kama wadda aka canza wa fitilu da bamba aka ƙara mata shekaru. Da wannan lambar zaka iya shiga shafin NHTSA, hukumar kula da tsaron motoci ta Amurka, kyauta ka ga ko akwai kiranyen gyara, wato gyaran da kamfani ya ce a mayar da mota a yi, da ba a yi ba, musamman na jakar iskar kamfanin Takata wadda ta shafi miliyoyin motoci.

Amma duk wannan baya maye gurbin a ɗaga ta sama a gareji a jona mata kwamfuta. Kwamfutar tana nuna har in an goge laifuka kwanan nan. Mai motar da ya san kayansa lafiya baya tsoron gareji, kuma "akwai wani mai so" tsohuwar magana ce ta sa mutum gaggawa. Araha bata ado Malam. Ka ce masa gareji ko a fasa, in ya ƙi ka bar wa wancan mai son.

Tambaya ta biyar, daga wata mai shirin sayen motarta ta farko

"Ana ta ce min wannan inji mai bel ne wancan mai sarƙa, wannan giyarta CVT ce. Ni ban gane ba, wanne zan guje wa?"

'Yar'uwa ba gudu za ki yi ba, sani za ki yi kafin ki biya, kowa ya sayi rariya ya san zata zubar da ruwa. A cikin inji akwai abin da ke daidaita motsin sama da na ƙasa, a wasu bel ne na roba, a wasu sarƙa ce ta ƙarfe. Sarƙa takan daɗe in ana canza baƙin mai kan lokaci, bel kuwa yana da wa'adi. Honda Pilot injinta mai lita 3.5 bel ne, ana canza shi wajen mil 105,000, kusan kilomita 169,000, ko shekara 7, kuma a irin wannan injin in ya tsinke ana tafiya fistin na dukan bawul, gyara ya zama babba. Injin kansa mai ƙwari ne, kawai ki tambayi shaidar an canza, in babu ki sa kuɗin a lissafin ciniki, a haɗa da famfon ruwa lokaci ɗaya. Highlander mai silinda 6 kafin 2008 ita ma bel ce, daga 2008 injin 3.5 ya zo da sarƙa, a 2023 kuma suka ajiye shi suka koma silinda 4 mai turbo lita 2.4, wanda yake son mai mai kyau da sabis ba jinkiri.

Ford Edge da Explorer ta 2011 zuwa 2019 masu injin 3.5 famfon ruwansu a cikin inji yake, sarƙar ce ke juya shi, in ya lalace ruwa na iya gangarawa cikin baƙin mai, don haka ruwan lagireto da ke raguwa ba a ga inda yake zuba ba, abin dubawa ne da gaggawa. Santa Fe Sport ta 2013 da 2014 da Sorento ta 2012 zuwa 2014 masu silinda 4 suna cikin waɗanda aka yi wa kiranye a 2017 saboda matsalar beyarin cikin inji, ki duba da VIN ko an yi aikin. CVT kuma giya ce marar matakai, tafiyarta sumul kuma tana rage shan mai, ita ce a Nissan Murano ta kafin ƙirar 2025 da Pathfinder ta 2013 zuwa 2020, a ƙirar 2022 Pathfinder ta koma giya mai mataki 9. Bata son zafi, bata son jan kaya mai nauyi, kuma man da ake zuba mata na musamman ne, in aka zuba mata man giya na gama-gari an kashe ta. Lokacin gwaji ki taka totur a hankali daga tsaye zuwa gudun kilomita 60, in kika ji tana karkarwa ko tana wani kuka siriri, ki mayar da makullin.

Tunda motarki ce ta farko, ki rubuto min shekarar ƙira da girman injin guda biyu da kika fi so, in sha Allah a fitowa ta gaba zan faɗa miki abin da za ki sa bakanike ya duba a kowacce.